Ragon da Maza Suka Dawo da Shi

Hayaƙi na fara gani. Siriri ne, shuɗi-shuɗi, yana tashi daga saman wani bene a unguwar Aziziyya, bai yi kama da na girki ba, bai yi kama da na gobara ba. Ina zaune a bayan mota na ce a raina, lallai mutanen Makka sun kai, har sararin sama suke yi wa turaren wuta. Sai da aka buɗe ƙofa ƙamshin ya shigo, na gane ashe nama ne.

Zan dawo kan hayaƙin nan. Bari in fara faɗin abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaru ke nan da dawowata daga Umara, amma ƙawayena ba su bar ni na huta ba. Wadda ta tambayi yadda Makka take, kafin in rufe baki ta ɗora da wadda ta fi ci mata rai: "To Dije, ina maganar ɗan Gwaggon naki?" Duk layinmu a Tudun Wadan Zariya an san na tafi da wata magana a ƙasa, na dawo babu ita. Wasu sun ce raina ni aka yi, wasu sun ce rawar kaina ce ta ja mini. Ga yadda aka yi, kowa ta karanta. Ba kuma haƙuri nake ba kowa ba.

Ni mutum ce mai karatun littattafan soyayya tun ina sakandare. Aurena na fari ya mutu, amma littattafan ba su mutu ba, suna nan cike da akwati a ƙarƙashin gado. To wata rana Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina da aka kai aure Makka tun ba a haife ni ba, ta kira ta ce in zo Umara in ga 'yan uwana. Har za ta kashe waya sai ta ce, "Usama ma yana ta tambayar ki." Usama babban ɗanta ne, ma'aikacin banki, ya rabu da matarsa. A kan wannan jimla guda na gina bene, na yi masa fenti, na rataya labule.

Daga Zariya motar haya na shiga zuwa Kano, da jakar kayana a kan cinya. A cikinta akwai leshi mai ruwan madara da na ɗinka musamman don ranar da zan fara ganinsa. A ƙarƙashin leshin kuma tsarabar Gwaggo: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, da ƙullin yajin ƙuli da mahaifiyata ta daka da hannunta. Taya ta fashe mana wajen Kwanar Dangora, muka tsaya a rana, direba yana rantsuwa sabuwa ce, mu kuma muna kallon zarenta a waje.

A filin jirgi na haɗu da Hajiya Talatu, 'yar kasuwa da ta sha zuwa Makka har tana kiran titunanta da suna. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yarinya, goge jan bakin nan. Ɗakin Allah za ki, ba ɗakin miji ba." Na goge, ina mamakin yadda ta karanta ni. Ita ta riƙe mini hannu da jirgi ya tashi, ita ta tashe ni da aka zo wurin ɗaukar niyya.

A Jidda aka ce in buɗe jaka. Ma'aikacin, wani saurayi mai ladabi, ya ɗago ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi. Hajiya Talatu ta yi masa bayani da Larabcinta na kasuwa cewa kayan miya ne. Ya tura hannu ƙasa, sai ya fito ja wur. Ashe ledar yajin ta fashe tun a hanya. Ya yi atishawa, na kusa da shi ya yi, ni ma na yi. Ya yi dariya hawaye na zuba ya ce in wuce. Leshin madara kuwa ya zama leshin manja. Rabin yajin ne ya tsira.

Masaukin ayarinmu ɗaki ne da aka cusa gadaje har ba wurin shimfiɗa sallaya. Na'urar sanyi kamar za ta daskarar da mutum, waje kuwa kamar bakin tanda. Wata baiwar Allah tana tuƙa tuwo a ɓoye kan ƙaramin risho na lantarki, ta toshe ƙasan ƙofa da tawul. Game da Ka'aba ba zan ce komai mai yawa ba. Na shirya addu'o'i tun daga gida, da na ɗaga ido na gan ta duk suka gudu, kuka kawai na yi. Wannan tsakanina da Ubangijina ne.

Da na gama ibada, Usama ya zo ɗaukata. Jama'a, yadda ake rubutawa haka yake. Dogo, fara ƙal ɗin jallabiya, saje a gyare, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya ce, "Ahlan, bint khali," wato 'yar kawuna, ya karɓi jakata da hannunsa. Na zauna a bayan mota. A haka muka iso ƙofar gidan, na ga hayaƙin.

"Yaya Usama, me ake gasawa a sama?"

Fuskarsa ta canja. "Su'ad ce da shirmenta," ya ce, ya rufe motar da ƙarfi.

Gwaggo ta rungume ni, ta shinshina daddawar kamar turare. Gidan nasu Hausa da Larabci a cakuɗe suke kamar shinkafa da wake. Jikoki suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. Da safe babu koko babu ƙosai, sai wake da aka dama da man zaitun, a ɗebo shi da wani faffaɗan burodi mai zafi. Gahawa kuwa a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ga ɗaci. Ina shanyewa don kunya, ana ƙara mini, har cikina ya fara ƙugi, kafin a gaya mini girgiza kofin ake yi idan an ƙoshi. A Zariya baƙo yana cewa ya ƙoshi sau uku ana ƙara masa. A can ko bai ce komai ba hannunsa ya isa.

Su'ad ƙanwar Usama ce, sa'ata, mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan mata biyu, ta dawo gaban uwarta a gidan da yayanta ke biya wa haya. Washegari ta ja ni saman bene ta nuna mini abin. Baƙin ƙarfe ne kamar ganga a kwance kan ƙafafu huɗu, da ɗan bututun hayaƙi, da akwati a gefe. Ta ce sunanta shawwaya. Ta buɗe akwatin, na ga wasu 'yan ƙwayoyi.

"Abincin kifi kike ba ta?"

"Itace ne, ya Dije. Garin katako ne aka matse. Wannan na itacen tuffa ne, shinshina."

Ta nuna mini yadda take aiki. Ana jona ta da lantarki. Wani ƙarfe mai murɗi, irin na cikin injin markaɗe, yana tura ƙwayoyin kaɗan-kaɗan zuwa wani ɗan kofi a ƙasa, can suke ci, 'yar fanka tana hura musu iska. Kai dai ka murɗa lambar zafin da kake so, ka rufe murfi. Ba ka ganin wuta, ba ka fifita, ba ka juya nama. Abokin gabarta ɗaya ne, laima: ƙwayoyin suka jiƙe sai su kumbura kamar dusa su toshe komai. Don haka buhunan a ɗakinta suke kwana, kusa da gado.

Mijinta ne ya saye ta a hannun wani Bature da suka yi aiki tare, shi ya koya mata. Da na ji haka idona ya kawo ruwa. Na ce, "Su'ad, wato duk lokacin da hayaƙin nan ya tashi kamar yana tsaye a gefenki."

Ta harare ni. "Ummi ta ce ke 'yar littattafai ce. Allah ya ji ƙansa, amma ni nama nake so in sayar. Na gaji da miƙa wa Usama hannu ko kuɗin fensir 'ya'yana ke so."

Nan rigimar take. Mahaifinsu marigayi tsire ya sayar a gindin dutsen Nakkasa, abin da mutanen can ke kira siriya, da shi ya rene su. Usama ya sha tsokana a makaranta, ana ce masa ɗan mai siriya. Ya yi karatu, ya hau kujera, yanzu kuma a ce ƙanwarsa, mace, tana gashi a saman gidansa tana sayarwa. Ya ce abin kunya ne, ya ce hayaƙi yana shiga shanyar maƙwabta, ya ce zai kai ta haraj, kasuwar tsofaffin kaya.

A makon nan autar Gwaggo ta haihu, 'ya mace, za a yi suna a gidan. Usama ya ce a kai ragon gidan masu dafa mandi, wato shinkafa da nama irin na Larabawa, kamar yadda kowa ke yi. Su'ad ta ce ita za ta gasa. Aka yi ta ja har Gwaggo ta ce a bar ta ta gwada. Usama ya ce, "Tayyib. Idan farantin ya shiga majlis ya fito babu nama, ta zauna. Idan ya dawo, shawwaya ta bar gidan nan." Majlis shi ne falon maza. Su'ad ta ce ta yarda.

Ranar suna bayan sallar asuba muka hau sama. An sassara ragon manya-manya, kafaɗu, cinyoyi, haƙarƙari. Ta ɗauko gishiri da masoro, na ce ta dakata, na sauka na kawo ragowar yajin mahaifiyata. Ta lasa, ta ce, "Irin na Abuya," wato mahaifinsu. Muka mulke naman da shi, muka jera, ta soka wani tsinken ƙarfe mai waya a cikin kafaɗa don ya riƙa nuna zafin ciki, ta rufe.

Daga nan sai jira, kuma jiran nan ya fi daka wuya. Mu da muka tashi kan cewa mai girki ba ta barin tukunya, ga mu zaune ƙarƙashin rumfar tamfol hannu a cinya. Na miƙe zan leƙa, ta buge mini hannu.

"Wallah idan kika buɗe, khalas, zafi ya gudu. Zauna."

Gwaggo ta hau da maficinta tana haki. "Ku dai ku juya shi kada ya kama. Ubanku bai taɓa barin wuta ita kaɗai ba."

"Ummi, sauka ki ji da baƙi."

Wajen azahar lambar tsinken ta tsaya cik, ta ƙi gaba. Na ce ko ta lalace. Su'ad ta ce haka nama yake yi, gumi yake. Ta fesa masa ruwan tsamiya, ta nannaɗe kowane yanki a takarda, ta mayar. Ta ƙara ƙwayoyi a akwati. Rana ta gasa mu fiye da ragon. Kafin magariba ta sauke, ta lulluɓe shi da tawul a cikin kula ta ce ya huta. Ni ban taɓa jin naman da ke hutawa ba, mu da muke ci daga wuta.

Bayan magariba aka shimfiɗa shi kan shinkafa a babban faranti. Bayansa baƙi-baƙi yana ƙyalli, ƙamshi ya cika matakala. Aka shiga da shi majlis. A can ma kamar gida, maza ke fara ci, mata su jira. Muna falon ciki, mu da mai jego da maƙwabta, kowa na hira, ni da Su'ad kunnenmu na ƙofa.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa. Usama ne da kansa, ya dire farantin a bakin ƙofa. Yanka ɗaya aka yi a cinya, aka bar wuƙar a ciki.

"Ummi, sun ce waje ya ƙone, ciki ɗanye. Dattawa sun ce jini suke gani. Na riga na yi waya a kawo kaji." Bai dubi Su'ad ba, ya juya.

Muka leƙa. Gaskiya ne, ƙarƙashin ɓawon nan akwai wani zobe ja-ja da ya zagaye naman. Duk wadda ta taɓa girki ta san abin da ake nufi da faranti ya dawo.

Gwaggo ta ce a hankali, "A ɗora mai. A yayyanka a soya kamar naman layya, a mayar musu, a rufa asiri."

"Ba za a soya ba," in ji Su'ad. "Hayaƙi ne ke sa jan nan. Ya nuna, Ummi. Idan na soya na yarda ɗanye ne."

Ni kuwa sai na tuna kakata a ƙauye, da naman da take bandawa a saman murhu, yadda cikinsa ke yin ja in an yaga. Ban san lokacin da na durƙusa gaban farantin ba. Na kama ƙashin kafaɗa da yatsu biyu na ja, ya zaro sumul, ko tsoka ba ta bi shi ba. Na ɗaga shi sama.

"Gwaggo, ɗanyen nama yana sakin ƙashi haka?"

Na yago na kai baki. Ba zan iya kwatanta shi ba, na dai san na lumshe ido, kuma ba don littafi ba.

Akwai wata tsohuwa a kusurwa, Hajiya Ramatu, mutuniyar Maraɗi, mai gidan da ke kallon na Gwaggo. Ta ce, "Miƙo nan, ɗiyata. Ni da ba ni da haƙori, ni za ni faɗin gaskiya." Na kai mata. Ta mamula, ta haɗiye, ta sake miƙo hannu. "Rabona da nama tun da haƙorana sunka zube. Ku jawo shi tsakiya. Su ci kajinsu."

Aka naɗe hannun riga. Ban taɓa ganin mata sun ci naman suna tun daga kafaɗa ba, kullum abin da aka rage ake turo mana. Mai jego ta ci, 'yan mata suka ci, Gwaggo ta ce ita ɗanɗanawa kawai za ta yi, sai ga ta da haƙarƙari a hannu biyu. Dariyarmu ta kai majlis. Can mijin mai jego ya turo wa matarsa saƙo a waya wai ko da ɗan saura. Ta ɗauki hoton ƙasusuwa ta tura masa.

Da safe Gwaggo ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa. "Dije, Usama ya ce sharaɗi sharaɗi ne, faranti ya dawo. Bayan la'asar motar haraj za ta zo. Ki janye jikinki daga maganar nan. Ya yaba da hankalinki, ya gaya mini da bakinsa. Kada ki ɓata abin da ake ƙullawa."

Na fito na zauna a matakala. Ba zan ɓoye ba, ina son mutumin nan, ko in ce ina son wanda na gina da fuskarsa. Na ga gidan, na ga motar, na ga kaina ina ɗawafi duk Juma'a. Sai na ji motsi a sama. Na hau na tarar da Su'ad tana kwashe ƙwayoyi daga akwati tana zubawa a buhu, ta share toka, ta naɗe waya. Surukan Hajiya Ramatu biyu suna tsaye cikin abaya.

"Hajiya ta ba ni saman gidanta," in ji Su'ad. "Ya ce ta bar gidansa, za ta bari. Amma gadon 'ya'yana ce, ba mai kai ta haraj. Ƙafafu huɗu gare ta, mu uku ne." Ba ta roƙe ni ba, ta dai faɗa.

Na ɗaura gyalena a ƙugu na kama ta huɗun.

Nauyinta ya wuce yadda nake zato. Muna sauka mataki-mataki, ƙarfe na gurzar bango, baƙin maiƙo na shafar abayata. A hawa na ƙasa muka yi kiciɓis da Usama, ya dawo daga masallaci, fari ƙal kamar ranar farko. Ya tsaya a tsakiyar hanya. Bai dubi ƙanwarsa ba, ni ya duba.

"Har da ke, bint khali?"

A littafi, a nan ne yarinya ke sunkuyar da kai hawaye ya zubo. Ni kuwa yatsuna kamar za su tsinke.

"Matsa, Yaya," na ce. "Da nauyi."

Ya matsa. Ya manne da bango yana tattare jallabiyarsa kada mu shafa masa baƙi. Muka wuce, muka tsallaka titi da rana tsaka, masu shaguna na kallo, Hajiya Ramatu na riƙe da ƙofa tana ba da umarni kamar ita ke ɗauke da abin.

Ranar komawata motar ayari na bi zuwa Jidda, ba wanda ya karɓi jakata. Gwaggo ta yi kuka ta ce na cika taurin kai irin na ubana. Hajiya Talatu ta shinshina ni a jirgi ta ce, "Kowa ya dawo da ƙamshin turare, ke kin dawo da na mahauta." Na ce mata haka ne. Abayar nan tana nan, ban bayar ba, tabon bai fita ba.

Masu cewa na yi asara, na ji. Usama ya yi aure, Allah ya ba su zaman lafiya, na ji matar tana da kirki. Ni ma ina nan lafiya lau, ina ɗinkina, ina karatun littattafaina, sai dai yanzu idan jarumin ya shigo da ƙamshin turare nakan jira in ga yadda yake yi da ƙanwarsa.

Su'ad kuwa, matan da suka ci ragon nan su suka fara yi mata ciniki, daga suna sai walima. Hajiya Ramatu ta rasu, Allah ya ji ƙanta, bayan ta ci nama iya son ranta. Yanzu Su'ad ta kama wurinta, shawwaya ta zama uku, tsohuwar tana tsakiya. Da kanta take tuƙa motar kai saƙo. Duk wanda zai tafi Umara daga layinmu sai na ba shi ƙullin yaji, leda uku-uku. Kwanan baya ta turo mini hoton farantin da za ta aika gidan biki. Ta yanka yanki ɗaya ta ɗora a sama, jan zoben nan yana kallon duk wanda zai buɗe. Ta ce haka take yi wa kowane faranti, wanda zai mayar ya mayar tun daga ƙofa.

Na tambaye ta ko an taɓa dawo mata da wani tun bayan na ranar suna.

Ta ce sau ɗaya. Ita da 'ya'yanta suka cinye.